Da Dodo gaskiya ne, da Turawa sun ci ƙasar nan kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Musu ne ya kaure a majalisarmu, wai da a ce Dodon tatsuniya da macijin Kusugu suna nan da gaske, da Turawa sun iya cin ƙasar Hausa? Ni dai na ce da sarakuna sun sako musu Dodo shikenan an gama.
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mu fara cire aljanu a maganar, su Alƙur'ani ya tabbatar da su, ba tatsuniya ba ne.

Toh gaskiya ban goyi bayanka ba. Dodo ko a tatsuniyar ma yaro ne ke gamawa da shi da wayo, balle mutanen da suka zo da bindiga mai ruwa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, ganuwar Kano duk kaurinta ba ta tare su ba.

Inda zai juya tarihi wajen ruwa ne. Ka duba labarin Daura, macijin nan ruwa kawai ya hana ɗiba sai ranar Juma'a, amma kashe shi ne ya sa Bayajidda ya auri Daurama har sarauta ta koma hannun maza. Yanzu kawo shi nan gida, a 1917 aka dawo da hedkwatar Arewa Kaduna daga Zungeru saboda ga ruwan kogi ga layin dogo, to da akwai Dodo a kogin nan wane lebura ne zai yarda ya shiga ruwa ya kafa gada, kuma Zungerun ma ba tsira ba ce tunda kogi ɗaya ne. Ina ganin da Zariya ko Kano za a kai ta, da babu masaƙun Kakuri, da yawancinmu iyayenmu ba su ma zo garin nan ba wallahi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙananan halittu sun riga sun yi aikin da kake so Dodo ya yi. Ƙudan tsando ya kashe dawakai ya hana mayaƙan Arewa kutsawa dazukan kudu. Sauro kuma ya daɗe yana kashe Turawa a kogin Kwara, sai a 1854 wani Bature likita mai suna Baikie ya shiga har Binuwai mutanensa na shan kwinin, ya dawo ba wanda ya mutu. Ka kai wa 'yan majalisa wannan ku yi musun a kansa.