Kurkum mai "nano" da ciwon hanta: amsoshin wannan mako

Wata uwargida daga unguwar Zariya ta rubuto: "An auna maigidana, an ce yana da ciwon hanta nau'in B. A WhatsApp an tallata mana ƙwayoyin kurkum masu 'nano', kwalba jaka 25, wai suna kashe cutar. Mu saya?"

Ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya, ki kwantar da hankalinki. Amma kada ku saya.

Binciken da masana ke yi a kan kurkum mai "nano" gaskiya ne. Sinadarin da ke cikin kurkum, kurkumin, ba ya narkewa a ruwa, hanji kuma ɗan kaɗan yake tsotsa. Shi ya sa masana ke naɗe shi cikin ƙananan ƙunshi na kitse da ake kira "nano", waɗanda silin gashi ya fi su kauri sau ɗaruruwa, don ya isa inda ake so. Da irin wannan ƙunshi aka yi rigakafin korona na Pfizer da Moderna a 2020. Sai dai gwajin kurkumin a kan bairos yawancinsa a ɗakin gwaje-gwaje yake, ko a jikin dabbobi. Bai zama maganin ciwon hanta ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu manna kalmar "nano" a jikin kwalba su ninka kuɗi. Kaya ya shigo ta iyakar Ɗan Issa, ba lambar rajista, ba adireshin masana'anta, ya sha rana a tebur, sannan a ce fasahar zamani ce! Ko na gasken ma akwai hatsari: a Italiya, a 2019, an samu mutanen da hantarsu ta kumbura bayan shan ƙwayoyin kurkum, da yawansu masu haɗe da sinadarin masoro da ke ƙara tsotsa. To ina ga mai hantar da ta riga ta jigata?

Kuɗin nan ku kai su awon jini. In lokotoro ya ga dacewa zai rubuta maganin da ake kira tenofovir, wanda ke danne cutar. Ke da yara ku je a auna ku, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafi.

Wani saurayi daga Tibiri: "In na kai kurkum inji aka niƙa shi lilis, ya zama nano?"

A'a, ƙanena. Gari ka samu, ka ba mai girki ta zuba a miya.

Wani dattijo daga Bagalam: "Albasa na maganin mura?"

Baba, akwai wani sinadari mai suna kwasetin a cikinta, ana kan bincikensa. Ku ci ta Galmi a abinci, ku sha ruwa, ku huta. In zazzaɓi ya biyo baya, a je likita a auna, kada masassarar cizon sauro ce.