Amsa ga mai koyon aikin dako: jirgin lantarki da saƙon gaggawa

Ɗana, na karanta tambayarka, kuma na ji daɗi da hankalinka bai tsaya ga abin da ake sa ka yi a sito kaɗai ba. Ka ce ka ga labarin wasu sababbin kamfanoni a Birtaniya da suka shiga harkar ɗaukar ƙunshin saƙonnin gaggawa a jiragen ƙasa masu aiki da lantarki, waɗanda ke gudun kilomita 160 a awa, alhali tirela a ƙasar an ɗaure injinta ba ta wuce kilomita 90. Sai ka tambaye ni, tun da haka abin yake, me ya hana su ƙwace kasuwar daga hannun masu motoci tun tuni. Amsata ita ce gudun jirgi a kan layi ƙaramin yanki ne na aikin, kuma ribar wannan sana'a da asararta duk a bakin lodi da bakin sauke kaya ake yin su. Zan warware maka dalili.

Ka fara sanin irin jiragen da ake magana a kansu, domin ba jirgin kaya ba ne irin wanda ka sani, mai kai ɗaya a gaba yana jan dogon jerin taragai. Tsofaffin jiragen fasinja ne, kowane ɗaya taragai huɗu a haɗe, injinansu na lantarki suna ƙarƙashin tarago, akwai ɗakin direba a gaba da kuma a baya, don haka idan jirgin ya isa ƙarshen hanya direba sauka kawai zai yi ya taka zuwa ɗaya ƙarshen, ba sai an kwance kai an zagayo da shi ba. Wutar kuwa daga wayar da ke sama take zuwa, mai ƙarfin bolt 25,000, ta wani hannun ƙarfe da ke kan rufi yana shafar wayar. Da kamfanonin fasinja suka sayi sababbin jirage, sai waɗannan suka zama rarar da ba a san yadda za a yi da ita ba, ga su kuma da sauran ƙarfinsu. Wannan araha ce ta buɗe wa ƙananan 'yan kasuwa ƙofa.

Na farko da ya yi fice shi ne Orion, reshen kamfanin Rail Operations Group, wanda ya gyara jirage samfurin 319. A watan Yulin 2021 ya shigo da ɗaya cikin tashar Euston a tsakiyar Landan domin nuna wa 'yan kasuwa yadda abin zai kasance, aka sauke kaya a dandamalin fasinja, kekuna masu akwatin kaya suka kwashe zuwa cikin gari. Na biyu shi ne Varamis Rail, ƙaramin kamfani da ya yi amfani da samfurin 321, jiragen da aka ƙera a birnin York tsakanin 1988 da 1991, waɗanda kamfanin ba da hayar jirage Eversholt Rail ya sa aka gyara ya raɗa musu suna Swift Express Freight. Varamis ya fara gwaji a watan Oktoban 2022 tsakanin tashar Birmingham International da Mossend kusa da Glasgow a Sikotland, tafiyar fiye da kilomita 450, sannan a farkon 2023 ya koma tafiyar dare a ranakun aiki.

Cikin irin wannan tarago abin kallo ne ga duk mai sana'armu. An cire kujeru gaba ɗaya, an shimfiɗa sabon daɓe da zai jure wa tayoyi, an kafa ƙarafa a jikin bango inda ake maƙala igiyar ɗaure kaya. Tagogi suna nan yadda suke, haka ma ƙofofin fasinja, biyu a kowane gefe. Kayan ba a zube suke shiga ba, a cikin keji suke, wato kejin ƙarfe mai tayoyi huɗu wanda tsawonsa ya kai na mutum, irin wanda manyan kantuna ke tura kaya da shi. Ana cika keji da kwalaye tun a sito, a turo shi bakin jirgi, a aza faranti tsakanin dandamali da ƙofa domin akwai rata kuma tsayinsu ba ɗaya ba ne, a tura shi ciki, a juya shi ya bi layi, a taka birkin tayar, a ɗaure. Wanda ya taɓa tura keji cikakke a kan faranti mai ɗan gangara ya san cewa ba aikin da ake yi da gaggawa ba ne, domin idan taya ɗaya ta karkace ta sauka gefe, kejin zai toshe ƙofa, duk waɗanda ke bayansa su tsaya cirko-cirko har sai an ɗaga shi.

Yanzu ka bi kwali ɗaya da ni. Mutum ya sayi kaya ta intanet da dare, an yi masa alkawarin gobe zai same shi. Kwalin ya isa babbar cibiyar rarraba kaya, kuma irin waɗannan cibiyoyi a tsakiyar Ingila a bakin manyan titunan mota aka gina su, ba a bakin layin dogo ba. Idan ta mota zai tafi, tirela za ta ja da baya ta manna da ƙofar cibiyar, a loda ta, a rufe, a sa hatimi, ba za a sake taɓa kayan ba sai a ƙofar sito na Glasgow. Idan ta jirgi ne, sai an loda mota a cibiya, ta kai tasha, a sauke, a tura cikin jirgi, a yi tafiyar, a sake saukewa, a sake loda wata motar, sannan a kai sito. Inda mai tirela ya taɓa kaya sau biyu, mai jirgi ya taɓa sau shida. Kowace taɓawa tana cin lokaci, tana cin kuɗin leburori, kuma a nan ne kwali ke lotsewa ko ya ɓata. Awa biyu ko uku da jirgi ya ƙwato a kan hanya za su iya narkewa a waɗannan wurare ba tare da kowa ya yi sakaci ba. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma isowar jirgi tasha ba isowar saƙo hannun mai shi ba ce.

Kada ka ɗauka ina rage darajar gudun. Yana da amfani babba, amma ba a inda kake zato ba. Jirgin kwantena a Birtaniya yawanci ba ya wuce kilomita 120 a awa, jiragen fasinja kuwa a babban layin yamma da ya haɗa Landan da Glasgow suna kaiwa 200, saboda haka akan ajiye jirgin kaya a layin gefe ya jira su wuce. Jirgin lantarki mai taragai huɗu yana tashi da sauri, yana tsayawa da sauri, ana iya cusa shi tsakanin jiragen fasinja a jadawali ba tare da ya tare wa kowa hanya ba, kuma yana iya shiga tashar da ke tsakiyar birni inda tirela ba ta da wurin juyawa. Ga shi direba ɗaya zai iya jan jirage uku a haɗe, taragai goma sha biyu ke nan, a ƙasar da a 2021 aka yi ta kukan ƙarancin direbobin manyan motoci, inda kuma doka ta tilasta wa direban tirela hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Sannan akwai batun hayaƙi, wanda manyan kamfanoni a Turai suke ba shi muhimmanci domin masu sayen kayansu suna tambaya. Duk waɗannan dalilai ne na gaskiya, su ne suka sa mutane masu hankali suka zuba dukiyarsu a harkar.

Matsala ta biyu ita ce cikawa, kuma ita ce ta fi kashe kasuwa. Mai tirela idan kaya sun ragu yau sai ya tura mota biyu maimakon biyar, sauran su kwana a gareji. Mai jirgi ba shi da wannan sauƙi. Ya nemi lasisi daga hukumar da ke sa ido kan layin dogo, ya cika sharuɗɗan kiyaye haɗari, ya biya inshora mai tsada, ya samu gurbi a jadawali daga Network Rail mai kula da layukan, ya biya kuɗin bin layi da kuɗin wutar da ya sha, ya biya haya ko gyaran jirgi da albashin direbobi. Kusan duk wannan kuɗi yana nan ko jirgin ya cika maƙil ko keji goma ya ɗauka. Kayan intanet kuma ba su da nauyi, wuri suke ci, don haka tarago yakan cika tun bai kusanci nauyin da aka yarda ya ɗauka ba. Ka ƙara da cewa kayan da ke hawa arewa daga cibiyoyin Ingila sun fi waɗanda ke gangarowa daga Sikotland yawa, ka ga dawowa da rabin jirgi wayam abu ne mai sauƙin faruwa. A nan sabon kamfani ke shiga tsaka mai wuya: babban mai kaya ba zai sa hannu a kwangila ba sai ya ga jirgi yana tafiya kowane dare ba fashi, shi kuma ƙaramin kamfani ba zai iya ta tafiya kowane dare da asara ba sai da kwangila a hannu.

Ita kanta wutar lantarkin da ake yabo tana da nata sharaɗin. Jirgin ba ya zuwa inda babu waya, kuma wuraren lodin kwantena da yawa ba su da waya a sama, tun da ƙugiyar ɗaga kaya ta sama take sauka. Da dare ne kuma ake rufe layi domin gyara, daidai lokacin da saƙon gaggawa ke tafiya, idan aka karkatar da jirgi ta wata hanyar da ba a ja mata waya ba, shi ke nan ya tsaya. Dalilin da ya sa Orion ya tanadi samfurin 768 ke nan, wanda aka ɗaura masa injin dizal a ƙarƙashi domin ya ci gaba inda waya ta ƙare. Farashin wutar ma ba a hannun mai jirgi yake ba. A watan Oktoban 2021 wuta ta yi tsada har kamfanin Freightliner ya ajiye kawunan jiragensa na lantarki na ɗan lokaci ya koma dizal, a 2023 kuma kamfanin jiragen kaya na DB Cargo ya janye nasa kawunan lantarki samfurin 90 saboda dalili makamancin wannan.

Ina so ka dubi waɗanda suka riga waɗannan sababbin kamfanoni, domin manya ne, biyu daga cikinsu ma masu kayan kansu ne, ba masu neman kwastoma ba. Gidan waya na Faransa ya yi amfani da jiragensa masu launin rawaya na TGV, wato jirage masu matuƙar gudu, daga 1984 har 2015, ya daina da wasiƙun gaggawa suka ragu. A Italiya an ƙaddamar da jirgin kaya mai gudu Mercitalia Fast a watan Nuwamban 2018 tsakanin biranen Kaserta da Bolonya, taragai goma sha biyu masu ɗaukar kayan tirela 18 cikin awa uku da rabi, amma a 2022 aka dakatar da shi. Gidan waya na Birtaniya, Royal Mail, ya taɓa mallakar jirage 16 samfurin 325 da aka ƙera musamman domin wasiƙu a tsakiyar shekarun 1990, ba su da tagogin fasinja, ƙofofinsu irin na shago ne da ake naɗewa sama, kuma a lokacin yana da tashoshinsa na kansa a Willesden da Warrington da Shieldmuir inda keji ke shiga jirgi kai tsaye daga ɗakin rarraba wasiƙu. Duk da wannan gata, a 2024 ya ajiye su, yana mai cewa sun tsufa kuma kuɗin wuta ya yi yawa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin a ganina wannan shi ne tsarin da ya fi dacewa, jirgi da sito a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma irinsa ne sababbin kamfanonin suka fi bukata.

A ra'ayina harkar tana da makoma, amma a wurare ƙalilan da sharuɗɗa suka haɗu: tafiya mai nisa wadda gudun jirgi zai biya lokacin lodi har ya bar saura, sito da aka gina a jikin layi mai waya, da babban mai kaya ɗaya da zai ɗauki nauyin cika rabin jirgi na shekaru domin a sayar wa ƙanana da sauran wurin. Ka kuma tambaya ko za a iya yin haka a Najeriya. Layin Abuja zuwa Kaduna da na Legas zuwa Ibadan duk da dizal suke aiki, saboda haka batun lantarki bai taso ba tukuna, amma ware tarago ɗaya na saƙonni a jikin jirgin fasinja ba ya bukatar waya, kuma lissafinsa ɗaya ne da wanda na yi maka, musamman da yake tashoshin Idu da Rigasa duk suna da tazara daga tsakiyar gari.

Ga aikin da nake so ka yi a makon nan. Ka ɗauki littafi da agogo ka tsaya a bakin lodi, ka rubuta lokacin da mota ta tsaya, da lokacin da kwalin farko ya shiga, da lokacin da aka rufe ta, da yawan hannayen da suka taɓa kowane kaya, sannan ka tambayi direba nawa ya ɗauko a dawowarsa. Idan ka gama ka kawo mini littafin mu zauna, mu ɗora lissafin a kan hanyar Birmingham zuwa Mossend, mu ga keji nawa jirgi zai ɗauka a kowane dare kafin ya mayar da kuɗinsa.