Maganin Ciwon Damuwa: Likita Ya Amsa Tambayoyinku

Tambaya: Likita, kwana goma ke nan ina shan fluoxetine, ban ga sauƙi ba sai tashin zuciya da rashin barci. In bari? (Wata matar aure, Zariya)

Amsa: Kada ki bari, 'yar'uwa. Wannan ba paracetamol ba ne da za ki haɗiya yanzu ciwo ya sake ki an jima. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin canji, wasu ma sai sun kai mako 6. Abin haushin shi ne, wahalarsa kan riga amfaninsa isowa. Tashin zuciyar yakan lafa cikin mako ɗaya ko biyu. Ki riƙa sha da safe bayan kin karya, don yana hana wasu barci. Amma in tunanin cutar da kanki ya fara zuwar miki, musamman in ba ki kai shekara 25 ba, kada ki jira ranar da aka rubuta miki a kati, ki koma asibiti ran nan.

Tambaya: Wata biyu ina shan sertraline, alhamdu lillahi na warware. Yayana ya ce in daina kada ya zame min jaraba kamar tramadol. (Ɗalibi, Kano)

Amsa: Yayanka yana nufinka da alheri, amma ya yi kuskure. Sertraline ba ya bugarwa, ba ya sa mutum ƙwaɗayin ƙara yawansa. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi. A nan ne mafi yawan masu zuwa wurina suke zamewa: da zarar barci ya dawo, abinci ya fara shiga, sai a jefa maganin a durowa, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo sabo. Yanke shi farat ɗaya kuma yana kawo jiri, saurin fushi, da wani abu kamar jan lantarki a kai. In lokaci ya yi, likitanka zai rage maka kaɗan-kaɗan.

Tunda ka ambaci tramadol: kada ka haɗa su. Haɗin yana iya jawo rawar jiki, zazzaɓi mai zafi, har da jijjiga irin ta farfaɗiya.

Tambaya: Yaya zan yi da azumi? (Magidanci, Maraɗi)

Amsa: Yawancin magungunan damuwa sau ɗaya ake sha a rana. Na safe ya koma sahur, na dare bayan buɗa-baki. In ka manta wata rana, kada ka ninka washegari.

Tambaya: Mahaifiyarmu tana shan amitriptyline, kullum bakinta a bushe, ga jiri in ta miƙe. (Wata baiwar Allah, Sakkwato)

Amsa: Halinsa ke nan, har da taurin bayan gida. Hajiya ta riƙa sha da dare, ta yawaita ruwa, in za ta tashi ta ɗan zauna a bakin gado tukuna. Ku sanar da likitanta batun jirin, don faɗuwa ga tsoho ba wasa ba ce, wataƙila ya rage mata ko ya sauya. Sannan ku ɓoye maganin daga jikoki. 'Yan ƙwayoyi kaɗan sun isa su taɓa zuciyar yaro.