Amsa ga ƙanena na Marwa kan sautin da ba ya cikin gam

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena na Marwa, na saurari muryar da ka turo, inda ka ce da zarar yatsanka ya taɓa sautin da ba ya cikin gam, wato jerin sautukan da ake gina kiɗa a kansu, sai kiɗan ya yi tsami, alhali wasu suna taɓa shi ya fito da daɗi. A ganina sautin ba shi da laifi. Lokacin da kake taɓa shi ne matsalar, da kuma daɗewar da kake yi a kansa.

Ɗauki jitarka, ka riƙe gam ɗin nan mai sauti 5 da muka saba da shi: la, do, re, mi, sol. A waya ta 5, idan ka ƙirga gidajen da ake danna yatsa a wuyan jita, gida na 5 re ne, gida na 7 kuma mi ne. Gida na 6 da ke tsakaninsu, wato mi bemol, ba ya cikin gam ɗin, dutse ne irin wanda ake takawa a tsallake mayo, wato rafi, ba a shimfiɗa tabarma a kansa. Ka taka shi a tsakanin bugu biyu na ƙafar da kake ƙirga kiɗan da ita, sannan mi ya sauka daidai kan bugun. Idan ka juya al'amarin, mi bemol ya hau kan bugun, tsamin da kake kuka da shi ke nan.

Masu jaz na Amurka na shekarun 1940, zamanin su Charlie Parker, sun ƙware a wannan lissafi. A kan akor ɗin sol mai fa a ciki (akor shi ne sautukan da ake kaɗawa tare a lokaci guda), sai a cusa fa diyez, sautin da ke tsakanin sol da fa, sautuka 7 na gam ɗin su zama 8. Ka sauko daga sol, sauti biyu a kowane bugu, za ka tarar sol, fa, re da si ne suke faɗawa kan bugu huɗun, kuma dukkansu 'yan akor ɗin ne.

Wannan ne abin da wani mai piyano ya kasa ganewa a wani biki a Garwa. Ina tsakiyar solo, wato inda jitata ce kaɗai ke jan kiɗan, amarya na shirin shigowa, ya juyo ya daka mini tsawa a gaban mutane wai na ɓata. Mutumin da ba ya iya sauya murya sai ya danna maɓalli! Har yau idan muka haɗu a kasuwa sai ya tayar da zancen, ni kuwa ban taɓa jin ya ce wa mai goge ya ɓata ba, alhali goge ba shi da gidaje, jan yatsa ake yi a bi ta kan duk abin da ke tsakani.

To, bari in gyara, kada in ɗauki alhakinsa. Sau ɗaya a daren ya yi gaskiya, domin mai kalangu ya ƙara sauri ban lura ba, mi bemol ɗina ya sauka kan bugun, kuma na tsaya a kansa har zabiya ta waiwayo ta harare ni.

Saboda haka ka fara a hankali, kana buga ƙafa a ƙasa. Re, mi bemol, mi kawai, na tsawon mako guda, sannan ka turo mana mu ji.