Amsar kawu kan shamuwa da tsuntsayen Dagona

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka je Dagona, tafkin tsuntsayen nan na Jihar Yobe, ka tarar ma'aikatan gandun daji sun hana harbin tsuntsaye, kana tambaya ko hanin nan baƙon abu ne, ko da ma akwai shi a al'adarmu.

Da ma muna da namu. Ɗauki shamuwa. Tun tasowata ban taɓa ganin yaron da ya ɗaga mata danƙo ya kwana bai sha bulala ba. Da ta sauka kan tsamiyar ƙofar gida, ta fara jidar kirare tana sheƙa, sai kakanka, Allah ya jiƙansa, ya ce a fito da iri, a kai fartanya maƙera, damina ta ƙarato. Kashinta yakan ɓata mana tabarma fari fat, sai dai mu ja tabarmar gefe. Baƙuwa ce mai albishir, kuma baƙo raɓa ne, da kaka ta yi za ta koma kudu.

Ruwa ma da dokarsa. Idan sarkin ruwa ya rufe tafki, babu mai jefa homa sai ranar da ya buɗe. Kafin nan tarwaɗa da karfasa sun girma, zalɓe da kwasakwasa sun ci rabonsu.

Amma ba kowane tsuntsu al'ada ta tsare ba, gaskiya ɗaya ce. Dinya da kirinjijiya mun ci namansu. Gauraka kuwa, da muke jin kukanta a fadama da asuba, kama ta aka yi ta yi ana kai wa masu kuɗi ado a gida, har ganinta ya zama labari. A nan dokar gwamnati ta yi rana, tun da Dagona ta shiga gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi a 1991. Agwagin da ka gani da hunturu, wasunsu daga Turai suke, sun ƙetaro Sahara don ruwan nan namu.

Abin da ke ci mini rai shi ne ruwan kansa. Tun da aka yi madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya samu maɓoya yana cinye wa mutane shinkafa.

In ka zo da bazara, ka taho da yaranka. Tsamiyar tana nan, bara ma sheƙa biyu aka yi a kanta.