Wane ne Graf Spee, kuma yaya ya mutu?

Ka tambaya ko sunan jirgin yaƙin Jamus Graf Spee sunan mutum ne. Ƙwarai kuwa, sunan Maximilian von Spee ne, ɗan gidan sarauta da aka haifa a 1861. "Graf" ɗin sarautar gado ce.

Ya shiga rundunar ruwan Jamus a 1878, ya taɓa riƙe tashar jiragen ruwa a Kamaru, sannan a 1912 aka ba shi jagorancin rundunar Gabashin Asiya. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 1 ga Nuwamba 1914, ya nutsar da jiragen Birtaniya biyu a Koronel, gaɓar ƙasar Chile, amma yaƙin ya cinye kusan rabin harsasansa, ga shi ba inda zai samo wasu.

A ganina, kuskurensa shi ne tunkarar tsibiran Falkland, mallakar Birtaniya a kudancin Tekun Atlantika, ranar 8 ga Disamba, inda ya tarar da jiragen Birtaniya da suka fi nasa gudu da manyan bindigogi. Jirginsa Scharnhorst ya nutse, ba wanda ya tsira. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne 'ya'yansa biyu, Otto da Heinrich, su ma a ranar suka mutu, kowanne a jirginsa.