Tambayoyin Masu Karatu: Mantiki Daga Girkawa Yake?

Tambaya: Malam don Allah wai da gaske ilmin mantiki asalinsa na Girkawa ne?

Amsa: Ƙwarai kuwa ɗan'uwa, mantiki, wato ilmin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, masanin Girkawa Aristotle ne ya tsara shi, ya rasu tun 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Zamanin Abbasiyawa aka juya littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza, har ake kiran Farabi malami na biyu bayansa, sai kuma Ibn Rushd a Kurduba ta ƙasar Andalus ya yi ta musu sharhi wanda daga baya aka mai da Latin malaman Kirista na Turai su Thomas Aquinas suka ɗauka. Imamu Gazali fa ya ragargaji 'yan falsafa kan cewa duniya ba ta da farko, amma mantikin bai yar ba, abin da yake burge ni kenan, shi ya buɗe Mustasfa da shi, littafinsa na usulul fiƙhu.